Lambar da Ta Ci Jarrabawa da Kayan Aro: Yadda Wani Malami a Zariya Ya Tantance 4,294,967,297

## Shimfiɗa

Malamin lissafi ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke Tudun Wadan Zariya, shekararsa goma sha ɗaya yana riƙe da alli. Ajin SS2 yake koyarwa. Ban da darasin mako, duk Asabar daga ƙarfe 10 zuwa 12 yakan zauna da ɗalibai 25 na ƙungiyar lissafi, ba kuma mai biyan sa ko sisi a kan haka. Teburinmu ɗaya a ofishin malamai, shi ya sa yawancin abin da zan faɗa na gan shi da idona, sauran kuma daga bakinsa na ji. Lamarin ya ci mako tara na zangon karatu na biyu, daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris.

Lamba ɗaya ce ta jawo komai: 4,294,967,297. Idan ka jera 2 guda 32 ka ninka su da juna, wato 2³², za ka sami 4,294,967,296. Ka ɗora 1, ga ta nan. Masu harkar kwamfuta sun san maƙwabciyarta ta ƙasa farin sani, domin ita ce iyakar adadin adireshin da tsohon tsarin intanet na IPv4 ke iya bayarwa. Tambayar da aka yi a kanta kuwa ta 'yan firamare ce: akwai wata lamba da ke raba ta ba saura, ban da 1 da ita kanta? In babu, ta shiga sahun 2, 3, 5, 7 da 11, waɗanda a aji ake ce wa firam, ni kuma a nan zan kira su gagara-rabo. In akwai, to haɗaɗɗiya ce, kamar 15 da aka haɗa daga 3 da 5.

## Mako na 1: tambayar da ta tayar da zancen

Ranar Talata ce, hunturu ya sa kowa ya ƙudundune. Malam yana koyar da ninkin lamba da kanta, sai ya so ya ɗan farkar da ajin. Ya rubuta a allo: 2¹ + 1 = 3, 2² + 1 = 5, 2⁴ + 1 = 17, 2⁸ + 1 = 257, 2¹⁶ + 1 = 65,537. Ya ce su lura, kowane mataki ana ruɓanya ƙaramar lambar da ke sama, kuma duk amsoshin biyar gagara-rabo ne. Wannan gaskiya ne.

Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Malam, ta gaba fa?"

Ya lissafa, ya rubuta 4,294,967,297, ya ce, "Ita ma 'yar gidan ce."

"Malam, da me aka gane?"

Ya ce shaidu biyar a jere ai sun isa. Kafin ta sake cewa wani abu aka kaɗa ƙararrawa. Da ya dawo ofis ya ce mini tambayar yarinyar ta tsaya masa a rai, don shi kansa bai gamsu da amsar da ya bayar ba. A nan ya yanke shawarar kai lambar zaman Asabar, da sharaɗi guda: ba wanda zai nemi amsa a waya. Hujjarsa ita ce ba a shiga ɗakin jarrabawar WAEC da waya, kuma abin da ba za a iya nunawa a allo ba, ba a san shi ba tukuna. Ya ɗaure kansa da sharaɗin kamar yadda ya ɗaure yara.

Asabar ɗin farko ta tafi a kan dokokin raba lamba da kowa ya haddace. Lambar ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, ba cika ba, 2 da 5 sun fita. Alƙalumanta goma in an tara su suna ba da 59, wanda 3 ba ta raba shi, ke nan 3 da 9 ma sun fita. Dokar 11 ta bar saura 5. Da dogon rabawa aka ga 7 ta bar saura 5, 13 ta bar saura 10.

A ranar aka fara cin karo da kalkuleta. Ƙananan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari masu gurbi takwas ba su ma ɗauki lambar ba. Wani yaro mai kalkuleta mai gurbi goma ya raba ta da 3, ta nuna masa 1431655766 cif, ya miƙe yana murna wai an gama. Amsar gaskiya ita ce 1,431,655,765 da saura 2. Gurbin ne ya cika, na'urar ta rasa inda za ta sa ɓurɓushin, sai ta cike lambar zuwa sama ta yi shiru. Daga ranar Malam ya kafa doka ta biyu: duk wanda ya ce wata lamba ta raba, sai ya ninka amsarsa da hannu ya dawo da lambar asali.

## Mako na 2 zuwa na 4: raba aiki

Hanyar da ta rage ita ce a gwada gagara-rabo ɗaya bayan ɗaya. Malam ya nuna musu inda za a tsaya. Idan lambobi biyu aka ninka suka ba da wannan lamba, dole ɗayarsu ba ta wuce 65,536 ba, domin 65,536 sau 65,536 shi ne 4,294,967,296, saura ɗaya tak ya kai ta. Ba sai an je biliyan ba ke nan. Yara suka yi ajiyar zuciya, amma ba su san gagara-rabo nawa ne ke ƙasa da 65,536 ba. Su 6,542 ne.

Abin da ke hannun Malam jeri ne na gagara-rabo ɗari na farko, daga 2 zuwa 541, a wata tsohuwar takarda. Ya raba wa kowane ɗalibi huɗu. Kowa zai yi dogon rabawa, ya rubuta saura, na kusa da shi ya duba masa. Sau biyu aka kawo rahoton an samu, sau biyun kuma kuskuren sauko da alƙalami ne. Zuwa Asabar ta huɗu an gama ɗarin, babu wadda ta raba.

Wani abu ya fito a hanya wanda ba a tsaya a kansa ba a lokacin. Lambobin 3, 5, 17 da 257 duk saura 2 suka bari. Dalili kuwa shi ne idan ka ninka 3, 5, 17, 257 da 65,537 da juna, 4,294,967,295 za ka samu, wato lambar tamu a cire mata 2. An rubuta wannan a gefen allo, aka wuce.

Malam ya yi ƙiyasi a gabansu. In kowane rabawa tare da dubawa zai ci minti 5, guda 6,542 za su ci awa 545. Masu zuwa zaman sun riga sun ragu daga 25 zuwa 16. Ya ce wannan allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka, kuma ba zai ƙarar da zangon yara a kan neman sa'a ba. Aka tsaya a 541.

## Mako na 5: gwajin da ya ba da amsa mai daɗi

Cikin tsofaffin littattafan rubutunsa na jami'a ya tono ƙa'idar da ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat. Ga abin da take cewa. Ɗauki gagara-rabo p, ka ɗauki wata lamba da p ba ta raba ta, misali 2. Ka jera ta guda p − 1 ka ninka. Idan ka raba amsar da p, saura 1 zai fito, ko yaushe. A gwada da 7: 2⁶ shi ne 64, wato 7 sau 9 da saura 1. A gwada da 15 wadda ba gagara-rabo ba: 2¹⁴ shi ne 16,384, saura 4 ya fito, ta faɗi.

Ga lambar tamu kuwa gwajin ya zo da sauƙin da ya ba shi mamaki. Ba sai an jera 2 guda biliyan huɗu ba. 2³² ya gaza cika lambar da 1 kacal. Duk abin da ya gaza cika lamba da 1, in aka ninka shi da kansa aka raba da ita, saura 1 yake bari. A duba 6 sau 6, 36 ke nan, a raba da 7, saura 1. Saboda haka 2⁶⁴ na barin saura 1. Shi kuma 4,294,967,296 daidai yake da 64 sau 67,108,864, wato zagaye ne cikakku ba ragowa. Saura 1 ya fito. Lambar ta ci jarrabawa.

Layi huɗu suka ɗauke hujjar a allo. Malam ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya rubuta cewa 4,294,967,297 gagara-rabo ce, yara suka kwafa. Ranar har lemo ya saya mini.

## Mako na 6: 341

Yarinyar nan ce dai ta dawo. Ta nuna wa yayanta da ke karatun kwamfuta a jami'a abin da suka kwafa, shi kuma bai ce mata komai ba illa ta je ta gwada 341. Ta gwada. Ranar Asabar ta nemi alli.

"Malam, 2¹⁰ shi ne 1,024. 341 sau 3 kuma 1,023 ne, saura 1. Tunda 340 goma ce sau 34, 2³⁴⁰ ma saura 1 zai bari. Ta ci gwajin."

"To, gagara-rabo ce ke nan."

"Malam, ai 11 sau 31 ne."

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Malam ya daɗe tsaye yana kallon allon. Ƙa'idar ta ce kowace gagara-rabo tana cin gwajin. Ba ta ce duk wadda ta ci gagara-rabo ba ce. Kowane ɗan Tudun Wada ɗan Zariya ne, amma ba kowane ɗan Zariya ne ɗan Tudun Wada ba. 341 ita ce mafi ƙanƙantar haɗaɗɗiyar lamba da ke tsallake gwajin idan da 2 aka yi shi, kuma tana da 'yan'uwa ba iyaka. Ya sa kowa ya buɗe littafinsa ya soke layin da ya kwafa makon da ya wuce. Ya ce musu ba wai an gano lambar haɗaɗɗiya ba ce, an dai koma inda aka baro.

## Mako na 7: gwaji da 3, da iyakar Excel

Faɗuwa a gwajin hujja ce yankakkiya, cinsa ne ba hujja ba. Don haka sai a canja 2 da wata lamba a gani. 341 ɗin ma in aka gwada ta da 3 faɗuwa take yi. Amma da 3 babu gajeriyar hanyar da aka samu da 2. Sai an ninka 3 da kanta, a ninka amsar da kanta, a rage da rabawa a riƙe saura, haka har sau 32. Matakan farko ba wuya: 9, 81, 6,561, 43,046,721. Na biyar ya ba da 1,853,020,188,851,841, wanda sauransa shi ne 3,793,201,458. Na shida kuma ninkin wannan ne da kansa, lamba mai alƙaluma 20.

Ya zuba lissafin a manhajar lissafi ta Excel a kwamfutar ofis, a ranar da aka dace da wuta. Ta ba da amsoshi har ƙasa ba ƙorafi. Abin da ya tsayar da shi ƙaramin abu ne: lambar da ta ƙare da 8 in an ninka ta da kanta dole ta ƙare da 4, amma abin da ya gani a mataki na shida jerin sifili ne a ƙarshe. Excel alƙaluma 15 take riƙewa daidai, abin da ya wuce nan ba ta da amana a kansa. Duk abin da ya biyo bayan wannan mataki shara ne. Cutar kalkuleta ce dai ta mako na 1, ta sake riga.

Ranar Alhamis ya hau mashin ya tafi Samaru wurin wani tsohon ɗalibinsa mai rubuta manhaja. Yaron ya buɗe Python, wadda ke riƙe cikakkiyar lamba komai tsawonta, ya rubuta layi ɗaya. Saura ya fito 3,029,026,160. Ba 1 ba. Magana ta ƙare, lambar haɗaɗɗiya ce. Kafin Malam ya hana, yaron ya ƙara layi uku, na'urar ta bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, cikin ƙiftawar ido ta tsaya a kan 641.

641 ita ce gagara-rabo ta 116. An tsaya a ta 100. Malam ya rubuta ta a takarda, ya ninke, ya sa a aljihu, bai faɗa wa yara ba. Abin da ya gaya musu ranar Asabar shi ne gwajin 3 kawai. Ba su karɓa ba. Wani ya ce, "Malam, in ana raba ta, to wa ya raba ta?" Ban ga laifinsa ba. A ce maka an tabbatar akwai ɓarawo a gida amma ba a san kamanninsa ba, abu ne mai wuyar haɗiya, musamman daga bakin wanda mako biyu da suka wuce ya ja layi biyu ƙarƙashin akasin haka.

## Mako na 8: a zauren tsohon malami

Abin da ya dame shi yanzu ba amsar ba ce, tana aljihunsa. So yake ya san yadda mai alli kawai zai kai gare ta. Bayan la'asar ranar Juma'a ya je gidan wani dattijo da ya koyar da shi a jami'a, wanda ya yi ritaya yana zaune a Hanwa. Ni na raka shi. Bayan gaisuwa ya kwashe labari ya faɗa. Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, ai kuskurenka ya girme ka da kusan shekara ɗari huɗu."

Ya ba mu tarihin. Pierre de Fermat, masanin shari'a a birnin Tulus na Faransa, ya rubuta a wasiƙa a 1640 cewa ya yi imani duk lambobin wannan jeri gagara-rabo ne, ko da yake ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Shi ya sa ake kiran su lambobin Fermat. Maganar ta zauna har ƙarshen 1729, lokacin da Christian Goldbach ya ja hankalin Leonhard Euler a kanta cikin wasiƙa. A 1732, Euler, mutumin Suwizalan da ke aiki a Rasha, yana ɗan shekara 25, ya nuna 641 na raba lambar tamu, ta shida a jerin. Tun daga nan har yau ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a jerin ba, biyar ɗin farko ne kaɗai aka sani. Dattijon ya ɗan ratse ya tuna mana cewa a zamanin Euler ɗin nan ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hanyoyin gina hatimi. Ya ce duk da alƙalami da tawada suka yi aikinsu, kada mu kawo masa kukan rashin wuta.

"Ranka ya daɗe, to yaya Euler ya yi?"

"Kai ka tambayi lambar daga ina ta fito? Ka bi ta kamar baƙuwa, alhali ka san gidansu. Da ɗan gari akan ci gari."

Ya jawo takarda. Ya ce a ɗauki 7, a riƙa ninka 2 ana raba wa da ita ana riƙe saura: 2, 4, 1, sai a koma 2, 4, 1. Zagaye ne mai tsawon 3, kamar ranakun mako da ke dawowa. A ɗauki 17: 2, 4, 8, 16, 15, 13, 9, 1, zagaye mai tsawon 8. Tunda ƙa'idar Fermat ta ce a mataki na p − 1 dole a faɗa kan 1, to dole tsawon zagayen ya raba p − 1. Ga shi 3 ta raba 6, 8 ta raba 16.

Yanzu a ce wata gagara-rabo p tana raba 2³² + 1. Ma'anarsa a mataki na 32 ba a kan 1 ake ba, an gaza cika p ne da 1. A mataki na 64 kuwa an faɗa kan 1. Saboda haka tsawon zagayen yana raba 64. Masu raba 64 su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32 da 64. Da tsawon ɗaya ne daga shidan farko, da a mataki na 32 ma an faɗa kan 1, kuma ba a faɗa ba. Ya rage 64. Ke nan dole 64 ta raba p − 1. Duk mai raba wannan lamba, ninkin 64 ce da aka ɗora wa 1.

Malam ya yi shiru, sannan ya ce ashe a cikin ɗarin da yara suka sha wahala a kansu, uku ne kawai suka cancanci a gwada: 193, 257 da 449. Sauran 97 ɗin ba su da hanyar raba ta tun fil azal. Kuma ƙa'idar da ta yaudare shi a mako na 5 ita ce ta buɗe ƙofar, da aka yi mata tambayar da take iya amsawa.

Da za mu tashi dattijon ya ƙara cewa a 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse wannan sharaɗi, ya nuna ninkin 128 ne ma a ɗora 1.

## Mako na 9: rabawa biyar

Labarin soke layi ya zagaya makaranta, ranar Asabar ɗalibai 22 suka zo. Malam ya ɗauki rabin awa yana gina hujjar zagaye, da 7 da 17 da 31, har sai da suka iya maimaita masa. Sannan suka jera ninkin 64 a ɗora 1: 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641. Suka soke haɗaɗɗu da kansu, 65 da 385 na 5 ne, 129 da 321 da 513 na 3 ne. Biyar suka rage, aka ba kowane rukuni ɗaya. 193 ta bar saura 109. 257 ta bar 2. 449 ta bar 325. 577 ta bar 288. Rukunin 641 suka yi rabawarsu sau biyu kafin su yarda su yi magana, don sun tuna abin da ya sami mai kalkuleta. Amsa 6,700,417, ba saura. Suka ninka da hannu, lambar ta dawo cif. Minti 25 aikin ya ci. Sai a lokacin Malam ya fito da takardar aljihunsa.

Ya ƙara musu wata hujja da ba ta bukatar dogon rabawa ko kaɗan. 641 ita ce 5 sau 128 a ɗora 1, kuma ita ce 625 a tara da 16, wato 5⁴ + 2⁴. Ta farko na nuna 5 × 2⁷ ya gaza cika 641 da 1, saboda haka in an ninka shi da kansa har guda huɗu, 5⁴ × 2²⁸ zai bar saura 1. Ta biyu na nuna 641 na raba 5⁴ × 2²⁸ + 2³². Tunda kashi na farko saura 1 yake bari, dole 641 ta raba 1 + 2³².

Saura 6,700,417. Ita ma ana raba ta? Iyakar bincike a nan 2,588 ce, domin 2,589 sau 2,589 ya wuce ta. Duk mai raba ta yana raba lambar asali ma, don haka Malam ya ɗauko sharaɗin Lucas na 128, ya ce su karɓa a bakinsa. Lambobi 20 suka fito, biyar daga ciki gagara-rabo: 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Saura ya fito 170, 44, 120, 334 da 622. Babu sifili. 6,700,417 gagara-rabo ce.

## Abin da aka rubuta a ƙarshe

Da samun 641 × 6,700,417, sauran sifofin lambar suka riƙa faɗowa kamar nunannen mangwaro. Mara ce, haɗaɗɗiya, daga gagara-rabo biyu mabambanta. Masu raba ta huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Idan aka tara ukun farko 6,701,059 ake samu, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari shida na lambar ba, don haka tana cikin masu gibi, nesa da kammalallu irin 6 da 28 waɗanda masu raba su ke taruwa su ba da su daidai. Lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba su ne 640 sau 6,700,416, wato 4,288,266,240. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya kuwa, 1 ce, sifili 31, sannan 1, ko ta ina ka karanto duk ɗaya ne.

Tana cikin masu shigar burtu, waɗanda ke cin gwajin Fermat da 2 alhali haɗaɗɗu ne, amma ba ta kai irin 561 ba, wadda ke ci da kowace lamba da ba su haɗa mai rabawa ba. Wadda ta fi burge ni ita ce wannan: ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, wato lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta, ta hanyoyi biyu, 65,536² + 1² da kuma 62,264² + 20,449². Gagara-rabo ba ta taɓa yin haka ta hanya fiye da ɗaya.

Yarinyar ta tambayi ta gaba, 2⁶⁴ + 1, mai alƙaluma 20. Malam ya ce su jera ninkin 256 a ɗora 1. Bai gaya musu cewa wadda ke raba ta, 274,177, wadda Fortuné Landry ya bayyana a 1880, tana zaune a matsayi na 1,071 a jerin ba. Jarrabawar ƙarshen zango ta zo ta raba su da ita.

## Hukunci

Gwada ɗaya bayan ɗaya ba kuskure ba ne, makanta ce kawai. Da an ƙara zagaye ɗaya, kowa ya ɗauki guda, da an faɗa kan 641. Amma ban ɗora wa Malam laifin tsayawa ba, don a lokacin ba shi da dalilin zaton tana kusa, kuma ƙiyasinsa na awa 545 daidai ne. Ko da an dace ma, da yara sun tashi da amsa ba tare da sanin me ya sa 641 ba.

Kalkuleta da Excel ba su yi ƙarya da gangan ba, iyakarsu suka kai ba su faɗa ba. Sau biyun kuma hisabin 'yan firamare ne ya kama su, tara alƙaluma da duba alƙalamin ƙarshe.

Babban kuskuren na mako na 5 ne, kuma ina ganin ba rashin sani ya jawo shi ba. Malam ya san bambancin "duk wane kaza ne" da "duk kaza wane ne", yana koyar da shi. Ya riga ya faɗi magana a gaban aji ne, sai ga gwaji ya zo ya gaskata shi, bai tsaya ya binciki gwajin ba. Kama da wane ba ta wane. Ƙari a kan haka, 2 ita ce mafi munin shaidar da za a kira a wannan shari'a, domin lambar daga 2 aka gina ta. Kowace lambar Fermat tana cin gwajin 2, gagara-rabo ce ko haɗaɗɗiya. Sauƙin da hujjar ta zo da shi ya isa ya sa a yi shakka.

Hana waya ya amfani yara, ba don shi ba da zancen ya mutu tun Talatar farko. Amma ban ga dalilin da malami zai ɗaure kansa da shi ba. Minti biyar na dubawa da ya hana a kwafi ƙarya a littattafai mako guda cur. Mun yi musu a kan wannan, har yanzu bai yarda ba.

Akwai kuma gurbi ɗaya da ya bari. Sharaɗin 64 yara sun ga hujjarsa, na 128 kuwa a bakinsa suka karɓa, wato irin abin da ya yi rantsuwar dainawa. Ba ma sai da shi ba. Da an tsaya kan 64, lambobi 40 ne ƙasa da 2,588, kuma gagara-rabon da suka ƙaru a kan biyar ɗin da aka gwada shida ne, uku daga ciki, 193, 449 da 577, an riga an fitar da su da safiyar. Saura 1,217, 1,601 da 2,113. Na yi su a bayan wata takardar jarrabawa lokacin da nake sa ido a aji, saura ya fito 832, 232 da 94, na ajiye masa takardar a kan tebur.